Yadda za ka auna basirar Elon Musk kafin ka shiga gardama

Shekara 18 ina walda a Panteka, kuma na sha ganin shagon da sunan maigida ne a jikin allo amma hannun wani ne ya yi aikin. Shi ya sa duk ranar da yarana suka kaure da musu wajen mai shayi, wannan na cewa Elon Musk ya fi kowa kwanya a duniya, wancan na cewa ɗan baki ne kawai, sai in ce su zauna mu bi abin daki-daki.

Fara da tambayar wa ya dasa harsashin. Tesla dai, mai ƙera motocin lantarki, ba shi ya fara ta ba. Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka kafa ta a 2003, shi kuma ya shigo da kuɗinsa a 2004, ya karɓi ragamar kamfanin a 2008. SpaceX kuwa, mai ƙera rokokin zuwa sararin samaniya, tasa ce tun daga tushe, a 2002. Kada ka haɗa su a kwando ɗaya.

Sai ka nemi sunan mai hannun. Injin Merlin da ke ɗaga rokokin SpaceX, injiniya Tom Mueller ne ya jagoranci ƙera shi, kuma ina jin ciwo yadda matasanmu ba su san sunansa ba. Amma kar ka tsaya nan ka yi wa Musk rashin adalci. Rokarsu ta farko, Falcon 1, sau uku tana faɗuwa, sai a karo na huɗu a Satumbar 2008 ta kai. Duk wanda ya taɓa ɓata ƙarfe da kuɗin aljihunsa ya san nauyin sake sayo wani, balle har sau uku. Mutumin da ya riƙe ƙwararru ba su watse ba a irin wannan hali, har a Disambar 2015 roka ta tashi ta dawo ta sauka a tsaye, ni na yarda yana da baiwa. Baiwar tara masu hannu ce da taurin zuciya, kuma ba ƙarama ba ce.

Duba kuma kuɗin wa ya tallafa. A ƙarshen 2008 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ba SpaceX kwangilar dala biliyan 1.6, a 2010 kuma gwamnatin Amurka ta ranta wa Tesla dala miliyan 465.

Daga nan ka ɗauko alkawuransa ka jera su kusa da abin da ya faru. Starlink, intanet ɗinsa ta tauraron ɗan'adam, ta iso Najeriya a 2023, wannan mun gani da idonmu. Amma a 2019 ya ce a 2020 za a ga tasi miliyan guda na Tesla suna yawo babu direba, shekarar ta zo ta wuce babu su. Ni in na yi wa mutum alkawarin ƙofa ran Juma'a, ta kai wata biyu ban kai masa ba, ba ya sake tako shagona.