Yadda Ake Koyar da Ɗalibai Nasarorin Masu Buƙata ta Musamman

Malami ya fara da tambayar ɗalibai abin da ke zuwa musu a rai idan an ambaci makaho, kurma ko gurgu, ya rubuta amsoshin a allo ba tare da ya tsawata wa kowa ba. Da wuya kalmar bara ta kasa fitowa, kuma wannan tunanin ne darasin zai yi aiki a kansa, saboda haka kada a goge allon.

Daga nan sai ya kawo mutane da ayyukansu, yana farawa da wanda yaran suka saba jin sunansa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) ya sha barin garin a hannunsa idan zai yi tafiya. Sai Taha Hussein na Masar, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu a Azhar, ya sami digirin digirgir a 1914, ya zama ministan ilimi a 1950. A gida kuma, 'yan wasan nakasassu na Najeriya sun ɗauko zinare 8 a gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a birnin Rio a 2016, alhali tawagar Olamfik ta wannan shekarar tagulla ɗaya ta samu. A nan ina roƙon malami ya guji muryar tausayi, domin idan ya ce "duk da halin da yake ciki", yara tausayin za su riƙe, su manta da aikin.

Mataki na uku shi ne na hannu, kuma shi ya fi zama a ƙwaƙwalwa. A yanka kiret ɗin ƙwai ya zama ramuka shida, uku a hagu uku a dama, kamar tsarin rubutun makafi da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a 1824 yana ɗan shekara 15. Tsakuwa ɗaya a ramin sama na hagu ita ce harafin "a", idan an ƙara wata a ƙarƙashinta ta zama "b". Kowane ɗalibi ya haɗa haruffa, abokinsa ya karanta da yatsa. Ban yarda a ɗaure wa yara idanu su zagaya aji ba, don tsoro kawai za su koya, su ɗauka haka makaho ke rayuwa kullum.

Bayan haka a gayyato baƙo daga unguwa, ko tela ne, ko mai gyaran waya, ko malamin makarantar kurame da zai koya musu gaisuwa da maganar hannu. A bar shi ya zaɓi abin da zai faɗa, kuma kada a nuna wani ɗalibin ajin a matsayin misali sai da yardarsa.

A ƙarshe a koma allo, ɗalibai su gyara amsoshinsu na farko. Sannan su zagaya makaranta su rubuta duk wurin da keken guragu ba zai shiga ba, tunda dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta gyara gine-ginen jama'a. Su miƙa wa shugaban makaranta takardar a ranar 3 ga Disamba, wato ranar nakasassu ta duniya.