Yadda sabon shiga zai sayi kirifto da MoMo a Accra, ya kuma mayar da shi sidi ba a cuce shi ba

Wanda ya tura kuɗin MoMo zuwa lambar da ba ita ba yana da inda zai kai kuka: ya kira 100 ko ya je ofishin MTN, wani lokacin a dace. Kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ba shi da wannan ƙofar. In ya bar hannunka ya tafi ke nan, ba ofishi, ba manaja. Shi ya sa shawararmu ta farko ita ce ka fara da sidi 200 ko 300, ka saya, ka sayar, ka ga kuɗin sun dawo wayarka, kafin ka kusanci jarin da kake ci da shi.

Abin da za ka tanada

Ghana Card, layin MoMo, imel da kai kaɗai ka san lambar sirrinsa, da wayar da ba a aronta. In a Circle ka sayi wayar ta hannu, a goge ta kaf ta koma kamar sabuwa kafin ka ɗora mata komai na kuɗi.

Maganar suna ita ce inda 'yan zango suka fi tuntuɓe. Da yawa a Nima da Maamobi suna amfani da layin da yaya ko inna ta yi wa rajista. A harkar nan hakan ba ya yi. Sunan da ke kan Ghana Card ɗinka, da na MoMo, da na asusun da za ka buɗe, su zama ɗaya. Ko bambancin rubutu, Abubakar a nan Abubakari a can, ya isa mai sayarwa ya riƙe ciniki ya ce sai ka turo shaida. Ka je ofishin kamfanin layinka a gyara tun kafin ka fara.

Game da doka, sidi ne kaɗai kuɗin da ake wajabta wa mutum karɓa a Ghana. A 2025 Babban Bankin Ghana ya umarci kamfanonin da ke harkar kirifto su yi rajista da shi, a ƙarshen shekarar kuma majalisa ta amince da dokar da za ta tsara aikinsu. Saboda haka kafin ka zaɓi kamfani, duba sanarwar bankin ta baya-bayan nan. Amma rajistar kamfani ba ta nufin wani zai biya ka in farashi ya faɗi.

Buɗe asusu da kulle shi

Za mu yi misali da Binance, manhajar saye da sayar da kirifto, domin a can masu ciniki da sidi suka fi yawa. Tsarin Bybit da OKX kusan ɗaya ne. Sauke manhajar daga Play Store ko App Store kawai. Duk mahaɗin da aka jefo a zauren WhatsApp, ko daga abokinka ne, bar shi. Za a nemi hoton katinka gaba da baya, da fuskarka a gaban kyamara. Yi shi da rana inda haske yake, ka goge gilashin kyamarar, domin hoto mai dishi-dishi ne ke sa a ƙi amincewa.

Kafin ko sisi ya shiga, haɗa asusun da Google Authenticator, manhajar da ke ba da lamba shida mai sauyawa duk daƙiƙa 30. Ta fi saƙon tes aminci, domin ɓarawo na iya karɓe layinka ta hanyar sauya sim, amma ba zai samu lambar da ke cikin wayarka ba. Lokacin haɗawa za a nuna maka wata doguwar lamba. Rubuta ta a takarda, da ita za ka koma asusunka ranar da waya ta ɓata a trotro.

Me za ka fara saye

USDT. Kamfanin Tether ne ke fitar da shi, kowane ɗaya yana tsayawa a kusan dalar Amurka ɗaya, shi ne kuma aka fi saye da sayarwa da sidi, don haka ratar da ke tsakanin farashin sayensa da na sayar da shi ta fi ƙanƙanta. Mai son Bitcoin ma ya fi masa arha ya sayi USDT tukuna, sannan ya canza a kasuwar cikin manhajar, inda Binance ke cire kashi 0.1 cikin ɗari. Ba sai ka sayi Bitcoin guda ba, ana sayen ɗan gutsure na dala goma.

Kada dai ka ɗauka riƙe USDT riba ce tabbatacciya. Mutane sun saba ganin sidi na faɗuwa, musamman a 2022. Amma tsakanin Afrilu da Yunin 2025 dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10, wanda ya sayi USDT a saman nan ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa yana zaune. Kuma ba kowane abin da aka ce an ɗaure shi da dala ke tsayawa ba. TerraUSD ya rushe a Mayun 2022. Sabon shiga ya tsaya kan USDT ko USDC, wanda shi ma an ɗaure shi da dala.

Saye ta P2P

Saye da katin banki ya fi sauƙi, ya kuma fi tsada, ga ladan kamfanin kati, ga canjin da bankinka zai yi maka da nasa farashin. Hanya mai arha ita ce P2P, wato ciniki tsakaninka da wani mutum, manhaja tana tsakiya tana riƙe da amana. Da ka buɗe ciniki, manhajar za ta kulle USDT ɗin mai sayarwa. Ba zai iya janye shi ba, ba kuma zai zo maka ba sai ya tabbatar kuɗinka sun shiga. Duk kariyarka tana cikin wannan kullewar.

Shiga sashen P2P, zaɓi saye, USDT, kuɗi GHS (wato sidi), hanyar biya MTN Mobile Money ko Telecel Cash. Rubuta adadin da kake so domin a tace maka waɗanda ke karɓar ƙaramin ciniki. Jerin zai fito da mafi arha a sama, amma na saman ba lallai ne shi ya dace ba. Duba abu uku a ƙarƙashin sunansa: yawan cinikin da ya yi a kwana 30 da suka wuce, kason da ya kammala, da minti nawa yake ɗauka kafin ya saki. Mu muna fifita mai ɗaruruwan ciniki wanda ya kammala kashi 97 ko sama, ko da ya ɗara wani da fesuwa biyar. Karanta sharuɗɗansa har ƙasa kafin ka danna.

Da ciniki ya buɗe agogo zai fara, yawanci minti 15. Kwafi lambar da manhajar ta nuna, ka buga *170# in layin MTN ne ka tura. Kafin ka sa lambar sirrinka MoMo zai nuna sunan mai karɓa. Tsaya ka gwada shi da sunan da ke cikin manhaja. In sun saɓa, kada ka tura. In ya ce a cikin hira “wancan layin ya cika, tura wa wannan”, ka soke tun ba ka biya ba ka nemi wani. Tura adadin daidai, har fesuwa. Sannan ka koma manhaja ka danna maɓallin da ke cewa ka biya, kafin agogo ya ƙare.

Kurakurai biyu ne ke cinye kuɗin masu saye. Na farko, mutum ya biya ya manta bai danna cewa ya biya ba, lokaci ya ƙare, ciniki ya soke kansa, USDT ya koma wa mai shi. Na biyu, ya biya sannan mai sayarwa ya lallaɓe shi da cewa “soke wannan mu sake buɗe wani”. Bayan ka biya ba a sokewa, ko me ya ce. In ya yi jinkiri, danna maɓallin ƙorafi ka ɗora hoton rasit mai lambar hada-hadar. Haka nan duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai rage maka farashi, so yake ya fitar da kai daga inda ake riƙe masa wuya.

Inda tsadar take ɓuya

Manhaja na iya cewa ba ta cire ko sisi a P2P, amma kamar 'yan canjin Tudu ne, ribar tana tsakanin farashin saye da na sayarwa. A ce ana sayar maka a 12.40, ana saye daga gare ka a 12.10. Sidi 1,000 zai ba ka USDT 80.64. Ka mayar nan take ka samu kusan 976. Ka rasa 24 farashi bai motsa ba. Ƙara ladan turawa na MoMo, da kusan kashi ɗaya cikin ɗari da ake cirewa in za ka karɓi tsaba wurin mai MoMo. E-Levy dai, harajin tura kuɗi ta waya, an soke shi a Afrilun 2025, kada wani ya caje ka da sunansa. Wanda ke shiga yana fita kowane mako, ratar nan za ta cinye shi a hankali. Kafin ka saya, leƙa ɓangaren sayarwa ka ga nisan ratar. Da daddare da ƙarshen mako takan faɗaɗa in masu ciniki sun ragu.

In za ka tura wa wani

USDT ɗaya ne amma yana bin hanyoyi daban-daban. Akwai TRC20 ta Tron, adireshinta na farawa da T. Akwai ERC20 ta Ethereum da BEP20, dukansu suna farawa da 0x, abin da ke rikita mutane ke nan. Tambayi mai karɓa hanyar da yake so, ka zaɓi ita ɗin. Manhaja na nuna ladan kowace kafin ka tura, ka gwada; a TRC20 yakan kai dala ɗaya ko sama kaɗan. In ku duka kuna Binance, turawa ta lambar asusu kyauta ce. Kwafi adireshi, kada ka rubuta da hannu, ka duba haruffa biyar na farko da na ƙarshe bayan ka liƙa, sannan ka fara tura dala biyar ta gwaji.

Kuɗi mai yawa da za a daɗe ba a taɓa ba, bai kamata ya kwana a kamfani ba. Waɗanda suka bar nasu a kamfanin kirifto na FTX sun gani lokacin da ya rushe a Nuwamban 2022. Ana mayar da shi lalitar kai irin Trust Wallet, wadda za ta ba ka kalmomi 12. Wanda ya san su shi ne mai kuɗin. Rubuta su a takarda biyu ka ajiye wuri biyu, ban da hoto, ban da imel. Ka kuma san cewa fitar da USDT daga lalita kan TRC20 yana buƙatar ɗan TRX, kuɗin hanyar Tron, na lada, a BEP20 kuma kuɗin wannan hanyar, BNB.

Mayar da shi sidi

A nan kai ne mai sayarwa, kai ake farauta. Zaɓi sayarwa, sa lambar MoMo ɗinka, ka zaɓi mai saye da ma'aunin da muka faɗa. Duba iyakar asusunka tukuna: a tsarin da Babban Banki ya fitar a Maris 2024, ƙaramin asusu ba ya wuce sidi 3,000 a rana ba ya kuma riƙe sama da 5,000, matsakaici 15,000 a rana, babba 25,000. In kuɗin sun fi ƙarfin asusunka ba za su shiga ba, sai ka raba cinikin ko ka karɓa ta banki.

Mai saye zai danna cewa ya biya. Wannan ba shaida ba ce. Hoton rasit ba shaida ba ne, saƙon tes ma haka, domin ana ƙirƙirar wanda ya yi kama da na MTN sak. Buga *170# da kanka ko ka buɗe manhajar MoMo, ka ga ragowar kuɗinka ta ƙaru da adadin. In wani saƙo ya faɗo yana neman lambar sirrinka, cire maka ake so a yi. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri.

Sannan sunan wanda ya turo. Ga yadda dabarar take: ɗan damfara ya tallata waya a intanet, wata baiwar Allah a unguwar Madina ta yarda za ta saya, ya buɗe ciniki da kai a manhaja, ya ba ta lambarka ya ce nan za ta biya. Kuɗi sun shigo maka da gaske, ka saki USDT gare shi, ya ɓace. Ita kuma ta kai ƙarar lambarka, a rufe maka asusu, kai za ka yi bayani. Saboda haka in sunan mai turowa ya saɓa da na cikin manhaja, kada ka saki, kada kuma ka mayar da kuɗin zuwa wata lambar da ya ba ka. Buɗe ƙorafi, a mayar ta inda suka fito. Zai yi ta matsa maka da “sauri nake, maigida”; minti biyu na dubawa haƙƙinka ne.

Haɗuwa ido da ido a karɓi tsaba a bakin Circle ko cikin Makola, ba mu ba sabon shiga shawararta. Ba mai riƙon amana, ga jabun kuɗi, ga ƙwace.

Wanda ya ce ka kawo USDT ɗinka ya juya maka ya riƙa ba ka kaso kowane wata, ko da a masallaci ɗaya kuke sallah, tuna kamfanin jarin zinariya na Menzgold da aka dakatar a 2018, mutane na ta bin kuɗinsu shekara da shekaru. A cikin manhajar ma akwai sassan ba da rance da ruwa, da na yin ciniki da bashi ninkin jarinka, inda ƙaramin motsin farashi ke share komai. Malamai sun yi saɓani kan kirifto kansa, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa, amma waɗannan sassan ka bar su.

In an riga an cuce ka, yi sauri: ƙorafi a manhaja, kira 100 in layin MTN ne domin a gwada tsayar da kuɗin, sannan 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana. Za su nemi lambar cinikin, lambar hada-hadar MoMo, lokaci, da hoton hirarku, don haka ka riƙa adana su ga kowane ciniki. Bayan haka wasu za su biyo ka a Facebook ko Telegram su ce za su ƙwato maka kuɗin in ka biya wani abu tukuna. Kada ka biya. Zagaye na biyu ne na damfarar.