Yadda na kawar da ɗige-ɗigen ƙarya a tabon maikroglia

Ina neman maikroglia, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, a yankakken naman ƙwaƙwalwar tsofaffi ta amfani da antibodi, sinadaran da ke manne wa wani furotin su sa a gan shi, masu kama Iba1 da CD68, furotin ɗin da ke nuna maikroglia. Ƙarƙashin maikroskop, ɗige-ɗige masu haske sun cika ko'ina, har cikin ƙwayoyin jijiya inda CD68 ba shi da hurumi.

Na tsinka antibodin farko daga 1:500 zuwa 1:1000, na ƙara lokacin toshewa da siram, ruwan jinin da ke hana antibodi manne inda bai kamata ba. Ko gezau.

Abin da ya tona asirin shi ne yankan da ban sa wa antibodi ko ɗaya ba: ɗigon na nan daram, a hasken kore da na ja duka. Lipofusin ne, dattin da ke taruwa a ƙwayoyin jijiya da tsufa, yana haske da kansa.

Sai na narka Sudan Black B, baƙin rinin da ke dusashe hasken lipofusin, kashi 0.1 cikin etanol kashi 70, na tace shi sosai, don gudajinsa kan zauna a kan nama. Bayan wanke antibodi na biyu, mai ɗauke da launin da ke haske, na jiƙa yankan minti 10 cikin duhu, na wanke da PBS, ruwan gishirin wanki, zalla. Kada Triton, wani sinadari mai kama da sabulu, ya shiga wankin nan, yana ɗauke rinin. Na kuma guji tashar 647 ta maikroskop, wato ta hasken ja mai nisa, domin rinin na ɗan haske a can.

Rassan maikroglia sun fito tas. Alhamdulillahi, na gode wa abokiyar aikin da ta ba ni rinin.