Yadda nake auna hanya tun da sojojin waje suka kwashe

Aikina lodi ne a Tawa, ni ke haɗa direba da kaya zuwa Abalak, Cintabaraden da Tiliya. Tun da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Yamai ranar 22 ga Disamba 2023, Amurkawa kuma suka miƙa sansanin Agadas a watan Agusta 2024, ƙannenmu direbobi ba su da tambayar da ta wuce guda: hanya ta gyaru ko ta ƙara lalacewa? Ga yadda nake bi kafin in ce wa mutum ya tada mota.

Kada ka tsaya ƙirga kawuna. Faransawa kusan 1,500 ne, Amurkawa kusan 1,000, amma a cikinsu wa ka taɓa gani yana tsaron hanyar Tiliya? Tambayi aikin da suke yi. Na Agadas jirage marasa matuƙi suke tashi da su, suna leƙen daji dare da rana. Faransawa na da jiragen yaƙi da masu saukar ungulu, da rundunoni a Walam da wajen Ayoru. Ke nan abin da ya tafi shi ne ido a sama, da ɗauke wanda ya ji rauni cikin gaggawa, da labarin sirri. Sai ka bi su ɗaya-ɗaya, ka ga hannun wa suka koma. Ƙasarmu Nijar ta sayi jirage marasa matuƙi daga Turkiyya, masu horarwa na Rasha sun iso a Afrilu 2024, an kuma yi shelar rundunar haɗin gwiwa ta AES, wato ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso, mai soja 5,000. Inda ka ga aikin ya sami magaji, hankalinka ya ɗan kwanta. Inda bai samu ba, nan ne ramin.

Kuma kada gardamar fada ta ja ka. Mai cewa da suna nan lafiya lau muke, tuna masa harin Inates a Disamba 2019, inda aka kashe soja 71. Tuna masa Intazayen da Bakorat, nan cikin Tiliya, Maris 2021, mutum 137 rana guda, alhali jiragen baƙi na shawagi. Mai cewa tafiyarsu ta kawo ƙarshen masifa, shi ma tuna masa masallacin Fambita a Maris 2025, mutum 44 ranar Juma'a. Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Ni dai ban auna ƙasa dunƙule, hanya-hanya nake aunawa, kasuwa-kasuwa.

A nan ne aikin yake. Daren jajibirin kasuwa, nemi direban da ya shigo yau, ba wanda ya ji an ce ba. Zauna da shi a bakin shayi ka tambaye shi shinge nawa ya tarar, na jandarma ne ko na waɗanda ba su da kaki. Tambaye shi ko Fulani da Buzaye sun koro dabbobi kamar kullum. Makiyayi ya riga kowa sanin daji. Ranar da ka ga turken raƙuma wayam, ƴan awaki ƙalilan a ɗaure, dillalai na zaune suna kallon juna, to akwai magana, ko rediyo bai faɗa ba. Tambayi ko ƴan bindiga sun fara zuwa rugage karɓar abin da suke kira zakka. Tambayi ko malaman lakwal suna nan, ko likitan ƙauye ya kulle ya taho gari, ko layin waya ya ɗauke ba hadari ba iska. Biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, ni sauke kayan nake yi, mai kaya ya yi fushinsa.

In tafiyar ta kama, fita da hantsi, ka isa kafin la'asar. Takardunka a aljihu, domin Tiliya da Tasara na cikin dokar ta-ɓaci tun 2017. Kada ka manne wa ayarin soja don neman inuwa, su ake binne wa nakiya. In an ba da rakiya a hukumance, bi tsarinta. Kada ka ɗauki hoton motocinsu ka watsa a WhatsApp, ran ɗan wani ne a ciki.

Sansanin da aka bari kuwa, yi nesa da shi a makonnin farko. A Mali mun gani: da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fice daga Ber da Kidal a 2023, kan sansanonin aka gwabza. Ɗan bindigar da aka kora daga can kuma ba ya neman biza, daga Menaka zuwa iyakarmu daji ɗaya ne. Ja wa yara kunne su daina tsintar ƙarfen da ba su sani ba, kai ma kada ka ɗauki lodinsa don arha.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba: masu gadi, kukuna, masu wanki da direbobin da suka ci abinci a sansanonin nan, yanzu suna zaune. Saurayin da ya saba da albashi, ya san hanya, ya iya mota, masu daji ma nemansa suke. In irinsa ya zo tasha neman aiki, a binciki asalinsa wurin mai unguwa, sannan a ba shi karen mota ko lodi.