Matakan Hawan Dutsen Gran Paradiso Cikin Kwana Biyu

Tambayoyi sun yawaita a kan yadda ake hawan Gran Paradiso, dutse mai tsayin mita 4,061 da ke cikin gandun dajin ƙasa mai wannan suna a arewa maso yammacin Italiya. Ga matakan bi da bi.

1. Ka tsayar da ranar tafiya tsakanin watan Yuni da Satumba.

2. Ka ɗauki ja-gora mai lasisi.

3. Ka kama wurin kwana a masaukin masu hawa na Vittorio Emanuele II da ke jikin dutsen tun da wuri, domin yakan cika.

4. Ka tanadi takalmi mai ƙusoshin ƙarfe, da gatarin ƙanƙara, da hular kwano, da fitilar goshi, da baƙin tabarau.

5. Ka taso daga Pont, ƙauyen da ke gindin dutsen, ka hau zuwa masaukin a hankali.

6. Ka kwana a can, kana yawan shan ruwa.

Gargaɗi: kada ka yi ganganci a nan. Idan ciwon kai ya tsananta, ko amai da jiri suka kama ka, ƙarancin iska ne, kuma maganinsa shi ne sauka, ba dauriya ba.

7. Ka kama hanya tun kafin asuba, lokacin da ƙanƙara take da ƙarfi.

8. Ka ɗaura igiya kafin ka taka ƙanƙarar, saboda akwai ramuka masu zurfi da dusa ta lulluɓe.

9. Ka jira layinka a siririn dutsen da ke daf da ƙololuwa.

10. Ka juyo kafin rana ta tausasa ƙanƙara. Idan an yi haɗari, a kira 112.