Kurakuran da na gaji da gani wajen duba gona da hoton tauraron ɗan'adam

Tun da manhajojin duba gona daga sama suka shiga wayoyin samarinmu, daga Kura da Bunkure har Auyo, ɓarna iri ɗaya ake ta maimaitawa. Tushenta kuwa ɗaya ne: mutum ya ga launi a taswira, ya yanke hukunci yana zaune a gindin bishiya.

Yawancin manhajojin nan da hotunan Sentinel-2 suke aiki, taurarin Turai da aka fara harbawa a 2015. Kyauta ne, kuma duk kwana 5 suna ratsa saman gonarka. Abin da suke aunawa shi ne yadda ganye ke shanye jan haske ya kuma mayar da wani hasken da ido ba ya gani, daga nan a fitar da lissafin da ake kira NDVI. Inda ganye ya yi yawa da lafiya sai a nuna kore, inda ya raunana a nuna rawaya ko ja. Iyakar saninsu ke nan. Dalili kam ba su da labarinsa.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne a ga rawaya a ce yunwa ce, a ruga a sayo yuriya. Wata damina na bar gonar masarata a hannun wani yaro mai karatu da ƙwazo. Ya ga gefen kwari ya yi ja a waya, ya watsa masa taki da tsadarsa. Ashe ruwa ne ya kwanta a wajen, saiwa ta shaƙe ba ta iya jan komai. Takin ya bi ruwa, masarar ba ta tashi ba, kuɗin kuma da ma na noman rani ne. Haba jama'a! Abu nawa ne ke sa shuka ta ɗashe? Akwai tsutsar masara da ta shigo mana a 2016. Akwai wuta-wuta, wadda ke tsotsar saiwar dawa da masara tun ba ta ɓullo waje ba. Akwai gara, akwai kanwa a fangalin da aka daɗe ana ba ruwa babu magudana, akwai jigawar da ba ta riƙe laima. Duk launi ɗaya suke fitowa a waya, kuma kowanne maganinsa daban.

Ni abin da nake yi, da na ga tabo sai in ɗauki fartanya da sassafe in je wajen. In tuge shuka ɗaya a nan, in tuge wata a inda ya yi kyau, in jera su. In duba saiwa, in buɗe tsakiyar ganye ko akwai tsutsa da kashinta, in damƙi ƙasa in ji danshinta. Idan yunwar taki irin yuriya ce, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara rawaya, daga tsinin ganye ya bi jijiyar tsakiya. Sai na ga haka nake buɗe buhu, kuma wajen kaɗai nake zuba wa. A nan ribar fasahar take: taki da maganin feshi su ragu, ƙasa ta huta.

Kuskure na biyu shi ne murna da kore. Tauraro bai san ciyawa da gero ba. Gonar da ciyawa ta cinye tana iya fin wadda aka yi wa noma tsaf kore. Sannan kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, wato kwatan hekta ɗigo 25 ne kacal, da yawansu sun haɗa da gonar maƙwabci ko darbejiyar kan iyaka. Ƙara da cewa mu gero da wake da gyaɗa muke haɗawa a gona ɗaya. Don haka ku daina gwada gonarku da ta wani, ɗan'uwa. Gwada ta da yadda take makon jiya ya fi amfani.

Ku riƙa duba kwanan watan hoto. A Agusta gajimare na iya rufe sama makonni, manhaja ta ci gaba da nuna maka tsohon hoto, inuwar gajimare kuma tana kama da cuta. Ƙurar hunturu ma tana dusashe shi.

Shinkafar da aka dasa kwanan nan ja za ta nuna, domin ruwa ake gani. Kada ka tayar da hankalinka.

Kada ka zana iyakar gona da yatsa kana gida, zagaya ta da ƙafa da wayar a hannu. Jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoton gona kuwa yana buƙatar izinin hukuma, kuma ƙaramin manomi ba shi da dalilin saya shi kaɗai sai dai ƙungiya.

Akwai kuma masu goge hotunan bara don waya ta cika. Ni ina ajiye su, ina rubuta ranar shuka da ranar taki a littafi. Idan wuri ɗaya ya yi ta fitowa ja shekara bayan shekara, matsalar ƙasa ce, kuma nan nake fara kai takin gida tun kafin ruwan fari.