Kwale-kwalen rimot mai kai koto: inda masu haɗawa suka fi kuskure

Masu haɗa irin wannan kwale-kwale, wanda ake tuƙawa da rimot ya kai koto da zaren fatsa can cikin ruwa, a Zariya suna iya farawa da bututun PVC biyu, saboda ana samunsa a Sabon Gari da sauƙi. Bututu mai inci 4, tsawon mita 1, yana ture ruwa kusan lita 9, kuma kowace lita kilo ɗaya take ɗauka. Biyu ke nan kilo 18, amma sai sun nutse gaba ɗaya. Kada nauyin komai da komai ya wuce rabin haka. Batir mai 12V 7Ah kaɗai ya kai kilo 2, ga dalma, ga koto.

Babban kuskuren shi ne a gwada a dam ɗin Kubanni ko na Galma, a ga ya tafi lafiya lau, a ɗauka zai ratsa igiyar teku a Legas. Ruwan dam kwance yake. A bakin teku igiya ɗaya ke kifar da mai bututu biyu, in kuwa ya kife haka zai zauna, farfela na juyi a sama. Na teku jiki ɗaya ake yi masa, samansa a kumbure kuma a rufe ruf, batir da duk wani abu mai nauyi a can ƙasa, a ɗaure tam. Gwajinsa ba wuya: kife shi da hannu a cikin ruwa, ka sake. In bai miƙe da kansa ba, sauko da nauyin. A wajen tuƙi kuma, da goshi ake tarar igiya, ba da gefe ba.

Sai zaren fatsa. Masu maƙala shi a tsakiyar ciki su ne farfela ke naɗe musu zare a juyin farko. Maƙallin ya kasance a baya, bayan farfela, ita kuma a yi mata kejin waya, wanda zai kare ta daga ciyawar ruwa ma. A bar zaren ya riƙa warwarewa ba tare da tirjiya ba, don yana ƙara tsawo yana ƙara ja.

Siginar rimot mai 2.4GHz ba ta ratsa ruwa. Eriyar da aka kwantar a cikin akwati za ta yanke da zarar kwale-kwalen ya faɗa tsakanin igiya biyu, don haka a tsayar da ita sama. A kuma saita risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot, ta kashe inji idan sigina ta ɓace, in ba haka ba kana tsaye zai yi ta tafiya.

Ruwa ya fi shiga ta bututun sandar farfela. A cika shi da giris. Gam ɗin silikon mai warin tsami yana cin tagulla, kada ya taɓa waya. A sa fiyus kusa da batir. In an shiga ruwan gishiri, a wanke inji da farfela da ruwan famfo a ranar, kafin tsatsa ta kama.